Ƙaurar Uwar Suri

Ku ajiye wayar nan haka, na gani. Tururuwa ce ta wata ƙasa can ƙetaren teku, tana yanko ganye ta ɗora a ka kamar lema ta kai gida, ba don ta ci ba, sai don ta yi taki ta noma abincinta a kai. Mutanen can sun zuba ta a akwatin gilashi suna kiwo. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Abin da bai burge ni ba shi ne maganar da kai Nura ka ɗora a kai, wai ashe sana'ar Kawu Sale ba wata tsiya ba ce, ka kifa tukunya da yamma ka ɗauke da safe. Tunda abincin kaji na buhu ya gagari talaka, kowane saurayi a garin nan ya tashi zai zama mai gara. To ku gyara zama, yau sai kun ji.

Sale Mai Gara ake ce mini. Da can tsokana ce, yanzu ko a kasuwar Bagwai ka ambaci sunan sai an kwatanta maka ƙofar gidana. Aikina ciyar da 'yan tsakin zabi. Kun san zabuwa da damina take zuba ƙwai, kuma ba ta da haƙurin kwanci, sai a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Ɗan zabo kuwa ba shi da wuyar mutuwa. Ka ba shi dusa da ɓarzajjen gero kawai, ka wayi gari ya saki fukafukai. Ka ba shi gara a makonninsa na farko, ka ga ƙafa ta yi ƙwari, gashi ya kwanta sumul. Matan da ke kiwo daga nan har Kunci sun san haka, shi ya sa tun da sassafe ake sallama a ƙofata da ƙwarya a hannu.

Tukunyar farko da na cika da hannuna, Baba Ilu ya zazzage ta a ƙasa ko kallon kirki bai yi mata ba. Baba Ilu ƙanen kakana ne, shi ya koya mini aikin, mutum ne mai ƙarancin magana mai yawan harara. Na cusa kashin shanu da karan dawa na danne da ƙafa, na kwarara ruwa har yana ɗiga. Ya ce, "Kai Sale, tuwo za ka tuƙa musu?" Daga nan ya nuna mini. Tsohon tulu ake nema ko randa da ta tsage, don sanyinsu, ba tukunyar da ta sha hayaƙi da mai ba. Kashin shanun na rani, busasshe ƙarau. A haɗa da totuwar masara da kara a kakkarye, a yayyafa ruwa har tafin hannu ya ji sanyi amma kada ya jiƙe. Ba a dannewa, sai an bar musu hanyar wucewa. A gitta ƙirare a bakin don kada kayan su zubo. Sannan ka je gindin suri, wato tudun ƙasar nan da gara ke ginawa, ka kankare da fartanya a hankali har ka samu hanyarsu, ka kifa tulun a kai, ka shafe gefen da laka don kada gwano ya shiga ya yi maka sata, ka rufa da tsohuwar zana. Kuma ka riga rana zuwa, domin da tulun ya ɗumama duk sun gangara ƙasa sun bar maka kashin shanunka.

Wata safiya wata mata daga wajen Tofa ta dire mana faifai cike da matattun 'yan zabi, ta ce gararmu ce ta kashe su. Baba Ilu ya ɗauki ɗaya ya buɗe bakinsa ya kira ni in leƙa. Kan zago ne maƙale a maƙogwaro. Da aka bi diddigi, ba tamu ta saya ba, wajen wani ne irinku da ya ga abin kamar wasa. Ranar na san cewa 'yan gida ɗaya ba duka ɗaya ba ne. Akwai leburori, makafi ne, ƙafa shida, ciki fari mai laushi, su ke gini, su ke ɗauko abinci, su ne kuma abincin ɗan zabo. Akwai zago, su ne masu gadi, manya da ƙanana, kai ja ƙato, baki kamar almakashi. Zago ko abinci ba ya iya ci da kansa sai lebura ya ba shi a baki, amma in ya kama ka ba ya saki, ko ka fizge jikin kan yana nan. Kafin ka ba mai saye, sai ka baza garar a faranti, ka shimfiɗa ɗanyen ƙyallen buhun algarara a kai, ka ƙwanƙwasa gefe. Duk zagon da ke wurin zai kai wa ƙyallen cizo. Ka ɗaga ka kakkaɓe wa manyan zakaru. Ka sake, ka kuma sakewa, har ƙyallen ya taso wayam. Tun daga ranar har yau ba a taɓa kawo mini gawar ɗan zabo a faifai ba.

To, duk wannan kamu ne, ba kiwo ba. Kiwo ya zo ne da suri ya fara ƙarewa. Kun ga yadda ƙasarmu take, gona na jingine da gona, ko wurin ɗaure jaki babu. Mai gona ba ya son suri ya cinye masa kunya biyu, sai ya kira mahaƙa su tone su fitar da uwar, gidan ya mutu, a baje. Baba Ilu ya dubi abin ya ce, "Wanda zai ci gaba da aikin nan sai ya raini nasa surin."

Kamun ango da amarya da farkon damina ake yi, ranar da aka sha ruwa mai ƙarfi shinge ya tashi da magariba. Shinge, wasu su ce gina, su ne 'ya'yan gidan masu fukafukai, maza da mata, da ke fita neman kafa nasu gidan. Kowa yana guje-guje da daro yana kamun na suya, ni da Baba Ilu muna tsugune muna kallon ƙasa. In sun sauka sai su karkaɗe fukafukan. Macen ta tsaya ta ɗaga bayanta. Namijin ya zo ya taɓa ta, sai ta kama hanya yana biye da ita, kansa a jikin bayanta, duk inda ta karkata ya karkata. Waɗannan ake so. Ba a kama su da yatsa, da ganye ake kwasarsu tare a sa a ƙaramar tukunya mai danshin ƙasar suri, a rufe, a tura ƙarƙashin rumbu. Ba ka zuba ruwa a ciki, bayan tukunyar kake jiƙawa. Ka jera da yawa, domin yawancinsu mutuwa za su yi. Wata ta bushe, wata ta yi fumfuna, wata cinnaka ya gano ta. Wadda ta rayu, za su haƙa ɗan ɗaki su yi ƙwai, su lashe shi, su ciyar da 'ya'yan farko daga bakinsu alhali su kansu ba su ci komai ba. Leburorin farko ƙanana ne, sai ka zuba ido sosai kake ganin motsinsu.

A nan muka yi tarayya da tururuwar wayarku, domin gara ma manomiya ce. Kuna ganin tana cin kara ku ɗauka shi ke riƙe ta. A'a. Taunawa take ta kai ciki ta jera a ɗakuna, abu mai ramuka kamar saƙar zuma, ruwan ƙasa, mai laushi. A jikinsa wani farin abu ke tsirowa kamar ƙwayar gero, shi ne abincin uwa da jarirai. Baba Ilu gona yake kiransa, ni ma haka. Gonar nan ba ta son rana, ba ta son iska, ba ta son bushewa. In ta mutu gidan ya mutu, ko ka tara musu karan duniya. Saboda haka da leburorin farko sun fito sai mu ɓantaro ɗan guntun gona daga tsohon suri mu sa musu, yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara.

Cikin tukwanen da na jera shekara da shekaru, ɗaya ce ta kai ga dashe. Na ɗauke ta zan kai gonar gidanmu, 'yan'uwana suka tsaya a hanya. Lokacin ba a raba gadon ba. Yayana ya ce, "Mutane na biyan mahaƙa a fitar musu da gara, kai za ka shuka mana ita? Kanka ɗaya kuwa?" Mahaifin Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa, shi ya ara mini kusurwar gonarsa da ke bakin gari. Na fasa gindin tukunyar na binne. Baba Ilu ya rasu surin bai kai gwiwa ba. Ni kuwa na ga ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa, ya wuce kaina. Da damina tuluna kewaye da shi kamar 'yan biki, kuma ba ya gajiya. Da shi na yi aure, da shi na yi rufin kwano. Ban san wani a ƙasar nan da ya raini suri tun daga ango da amarya ba, in kun sani ku faɗa mini.

Ana nan, wata shekara da bazara, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai Alhaji Mamman ya same ni a gindin surin. Muka gaisa. Ya ce, "Malam Sale, ka san yara sun girma. Wurin nan zan yi wa babban ɗana gini, ina so a ja harsashi kafin ruwa ya sauka. Wallahi da da wani filin da ban taɓa ka ba."

Na ce, "Alhaji, ƙasarku ce, kuma kun yi mini abin da 'yan'uwana ba su yi ba. Ba ni da ta cewa sai godiya."

"Na yi wa Tanko mahaƙi magana, zai zo ya fitar da uwar."

"Ya fitar. Amma da ranta zan tafi da ita."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe hula. "Yau ga sabon salo. Ana yi wa suri ƙaura?"

Ban taɓa ji an yi ba, Baba Ilu ma bai taɓa yi ba. Amma in na bari aka kashe ta, sai in koma jera tukwane ƙarƙashin rumbu da furfura a gemu, kuma ban san ko zan ga wani ya kai gwiwa ba. A lokacin an riga an raba gadonmu, na samu 'yar siririyar gona mai bishiyar ɗorawa. A inuwarta na haƙa rami har ƙirjina, na yi ta ba shi ruwa har ƙasar ta yi sanyi. Na tanadi darurruka, da buhunan algarara jiƙaƙƙu, da fasassun randuna, na ari amalanke da shanu masu tafiyar hankali.

Tanko mahaƙi ya iso bayan sallar asuba da diga da dagi. Ƙato ne, aikinsa ke nan tun yana saurayi, ya kashe suri ba iyaka. Na ce masa, "Tanko, yau ba kisa ka zo ba. In ka ji digarka ta taɓa ɗakin uwar, ka tsaya. Kada ka fasa." Ya ce ya ji. Muka fara sara daga yamma don inuwar surin ta kare mu. Zago suka yi mana caa, ƙafafunmu duk jini. Ina bayansa, duk ɗakin gona da ya buɗe sai in zura hannu biyu in ɗauko ta ɗungurungum da leburorin da ke kai, in sa a daro in rufe da buhu.

Da muka kai tsakiya sai ga shinge, cike da ɗakuna, fukafukai sun gama fitowa, ruwan farko kawai suke jira. Kun san al'adar garin nan. In aka fasa suri aka tarar da shinge, na kowa ne, ko mai gona ba ya hanawa. Kafin ka ce me, mata da yara sun cika wurin da darurruka, suna kwasa suna zubawa a ruwa don kada ya tashi. Kajin unguwa ma suka biyo su. Ni ban kula ba, hankalina na kan uwa.

Ɗakin uwar suri dunƙulen yumɓu ne mai tauri kamar an gasa, girman ƙaramar ƙwarya, da 'yan ƙananan ƙofofi da lebura kaɗai ke iya shiga. Tanko ya ji shi, ya san ya ji shi, amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Ƙwas! Ɗakin ya rabe biyu.

Na ture shi na durƙusa. Alhamdu lillahi, digar ba ta same ta ba. Ga ta kwance, fara sol, ta fi tsawon babban yatsana nesa, kaurinta kamar ɗan madaidaicin dankali, jikin yana motsi a hankali kamar numfashi. A bayanta akwai 'yan layuka masu duhu a warwatse, su ne ragowar fatar da take da ita ranar da na kwashe ta da ganye. Kanta da ƙafafunta suna can gaba, ƙanana, yadda na san su, ba su ƙaru da komai ba. Ba ta iya tafiya. Leburori sun kewaye ta, wasu na ba ta abinci a baki, wasu na lasarta, wasu na kwashe ƙwai daga bayanta. Tun ranar da na binne tukunyar ban sake ganinta ba sai ranar. Na yi murna, wallahi na yi murna.

Mahaƙa uwa kawai suka sani, ita suke ɗagawa a nuna wa mai gona. Ba su san tana da maigida ba. Yana nan tare da ita a ɗakin tun ranar farko, bai girma kamar ita ba, baƙi-baƙi ne, bai wuce gyare ba, kuma in haske ya shigo sai ya ruga ya ɓuya a ƙarƙashinta. A ranar kuwa, da ya ruga sai ya yi kuskure ya hau gefen ɗakin da ya fashe. Tanko, da niyyar taimako, ya sa bayan hannu ya make shi waje. "Kai, har da kyankyaso a ciki!" Wata jar kaza tana tsaye a bakin ramin. Sara ɗaya ta yi.

Innalillahi. Ban san sanda na shaƙo wuyan rigar Tanko ba. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita a gabanku ba, kuna ganin girmana. Ya yi ta cewa, "Haba Malam Sale, a kan ƙwaro?" Na ce, "Mijinta ne, ɗan banza! In babu shi ƙwan da za ta yi ba zai ƙyanƙyashe ba. Leburorin nan ba sa shekara. In suka ƙare babu masu maye su, me na ɗauka? Gawa na ɗauka!"

Tanko ya sosa ƙeya ya ce, "To ni dai ban san zancen miji ba. Abin da na sani, mu mahaƙa ba ma son aiki a irin wannan lokaci. In ka fitar da uwa alhali akwai shinge a ciki, sau da yawa surin sai ya sake tashi, mai gona ya zo yana zaginka. Ubana ya ce cikin shingen suke naɗa wata."

Na sake shi. In suna naɗa wata uwar, me zai hana su naɗa wani maigidan? Amma sai shingen gidan, na wani gida kashe shi za su yi. Na juya, ɗakunan wayam. Na bi darurrukan matan ɗaya bayan ɗaya, duk sun sha ruwa sun mutu. Wata ta ce, "Sai dai na Inna Dije. Ita ba ta sa wa nata ruwa, wai yana kashe daɗin."

Inna Dije mahaifiyar Alhaji Mamman ce, tsohuwa mai baki, kowa na shakkarta. Na ɗaure ɗakin uwar da laka na naɗe da jiƙaƙƙen buhu, na ce wa Tanko in ya bari rana ta taɓa shi sai na binne shi a ramin, na zuba da gudu. Na yi sallama na faɗa gidan. Tana zaune a bakin murhu, kasko a kan wuta, ƙwarya rufe da faifai a gefenta, ana jin shingen na shuu a ciki.

"Inna, sannu da aiki."

"Yawwa, Mai Gara. Ka biyo rabonka? Zauna, kasko ya kusa."

"Inna, miji na zo nema."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni da na binne biyu? Ka makara, yaro."

Na tsuguna na yi mata bayani, ina haki, idona na kan kaskon. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wato kaza ta cinye mata miji a gabanta."

"Haka ne, Inna."

"Allah sarki, baiwar Allah. Ga tashi daga gida, ga takaba, rana ɗaya." Ta ɗaga faifan kaɗan ta cika tafinta ta watsa a kasko, ta turo mini ƙwaryar da ƙafa. "Wannan na bakina ne, ko ita ta zo da kanta ba zan ba ta ba. Ɗauki sauran ka ɓace mini, kana tsaye mini a kan hayaƙi."

Na iya bambance namiji da mace ta ƙarƙashin bayansu, amma ban tsaya zaɓe ba. Na ce a raina, 'yan gidan su suka san wanda suke so. Muka loda amalanke, ɗakin uwar a kan cinyata, darurrukan gona a lulluɓe, Tanko na gaba yana jan shanun kamar mai rakiyar mara lafiya. A ramin na shimfiɗa ƙasar tsohon surin, na zaunar da ɗakin a tsakiya, na jera gonakin kewaye da shi yadda na same su, na juye leburori da zago da shingen Inna Dije. Na kifa fasassun randuna suka zama rufi, na mayar da ƙasa, na zagaye wurin da toka saboda gwano.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Daminar nan ko tulu ɗaya ban kifa musu ba, domin kowane lebura ana bukatarsa a gida. Na riƙa hawa keke har wajen Kunci ina neman 'yan ramukan gara a bakin hanya, abin da nake samowa bai isa gida uku ba. Mata suka yi ta zuwa suna komawa da ƙwarya wayam. Wata ta tsaya a ƙofata ta ce, "Malam Sale, na sa ƙwai ne don na san kana nan. Yanzu 'yan zabin sun ƙare tas." Ban da haƙuri ba abin da na iya ba ta. Ni da ake sallama a ƙofata, na koma ƙwadago a gonakin mutane, har da noman gyaɗar yayana.

Da farko sun yi gini, ƙasa ta ɗan taso. Mutane suka ce an dace. Ni na san wannan ba shaida ba ce, tsofaffin leburori ne ke aikin da suka saba. Da kaka ginin ya ragu. Da rani ya tsaya cak. Ina turo ruwa a baro ina jiƙa gefen, ina tura musu kara ta ƙarƙashi, wani lokaci in tarar an taɓa, wani lokaci yadda na ajiye. A majalisa suka sa mini waƙa, wai Sale na shayar da gawa. Yayana ya ce in tona in gani mana, in huta. Na ce in na tona, ko tana da rai na kashe ta. Hannuna ya sha yin ƙaiƙayi, amma ban tona ba.

Ruwa ya sake sauka, aka yi shuka, gero ya kai ƙauri, shiru. A lissafina duk leburan da na ɗauko a daro ya riga ya mutu, zagon ma haka. In akwai mai motsi a ƙasan nan yanzu, to sabon haihuwa ne. Wata safiya na tarar da ɗan tabo mai duhu a saman tudun, ɗanyar laka, bai fi tafin hannu ba. Ban gaya wa kowa ba. Da yamma na cika tulu ɗaya yadda Baba Ilu ya koya mini, na kifa.

Washegari ina isa sai ga Tanko zai wuce aiki da digarsa a kafaɗa. Tun ranar da muka tone surin kunyata yake ji, in ya hango ni sai ya sake hanya. Ranar dai ya tsaya daga nesa.

"Malam Sale, gawa ce ko mai rai?"

"Zo ka ɗaga da kanka."

Ya ajiye diga ya tsuguna ya ɓamɓare lakar, ya ɗaga tulun. Na ga damtsensa ya ɗaure, na san akwai nauyi. Sai muka ji ƙarar nan da zago ke yi in suna buga kai a jikin tulu, kar-kar-kar, kamar yayyafi a kan kwano. Tanko bai yarda da kunnensa ba, ya zare ƙiraren ya zura hannu har wuyan hannu.

Ihun da ya yi sai da ya tashi tsuntsayen kan ɗorawa. Ya fizgo hannun, leburori farare sababbi fal a jiki, ga wani ƙaton zago mai jan kai ya kafe a babban yatsansa, jini na bin gwiwar hannu. Ban taɓa jin daɗin ganin jinin mutum ba sai ranar. Yana tsalle da ƙafa ɗaya yana yarfe hannu, zagon ya ƙi saki, yana ta kwarara mini kira kamar ba a gabansa nake ba.

"Malam Sale! Malam Sale! Wallahi matar nan ta yi sabon miji!"